Akushin Oganwo

Inna ta daina cin abinci a daminar shekarar da na fara sassaƙa. Da farko babu abin da ya haɗa maganar cin abincinta da sassaƙata. Ni ne da bakina na ɗaura musu aure, kuma saura ƙiris auren ya ci ni.

Likita ne ya jawo min sassaƙar. Ya auna jinina, ya ce injinsa bai taɓa hawa tsauni irin wannan ba, in nemi abin da zai riƙe min hannu ya kwantar min da zuciya, in bar gardamar ƙwallo a bakin shago. A bayan unguwar Mokola, nan Ibadan, akwai wani dattijo Bayarabe mai sassaƙa ganguna da kujeru, wanda nake wucewa ta gaban rumfarsa tun ina sa gajeren wando. Na je na durƙusa na ce koyo nake so. Ya dubi tumbina, ya dubi hannuwana masu laushi irin na mai auna shadda, ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo min wani tsohon gizago. Shi ya ce in riƙa sayen oganwo, jan icce ne mai kyau, ba ya faɗa da ƙarfe, ba ya wahalar da ɗan koyo. Na riƙe sunan kamar karatu. Ni haihuwar Sabo ne, itatuwan da na sani da Hausa ba su wuce mangwaro da gwanda da dogon yaro ba. Sauran ko dai da Yarbanci na san su, ko kuma ban san su ba sam.

Kafin ruwa ya kankama na sassaƙa kujera 'yar tsugunno, wadda duk wanda ya zauna a kanta sai ta kai shi sujada ba alwala. Na yi mataji wanda yara suka ɗauka manjagara ce. Maman yara kuwa kullum ƙarfafa min gwiwa take yi. "Ci gaba, Baban yara," in ji ta, "ai icen girki ya yi wuya a garin nan."

Inna, mahaifiyata, tana da akushi guda wanda ta zo da shi daga ƙauyensu na arewa tun ranar da aka kawo ta Ibadan. Baƙi ne wuluk, bakinsa ya cinye ta gefen da take sa hannu, an taɓa ɗinke masa tsaga da waya tun ban yi wayo ba. Komai a ciki take ci. Ko amala aka aiko daga maƙwabta, sai an juye mata a akushin, ta ce sai ta musuluntar da ita tukuna. A farkon daminar nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta warke, ta miƙe wata safiya da akushin a hannu za ta miƙa a wanke, jiri ya ɗebe ta. Ita Allah ya sa ta dafa bango, shi kuwa ya sauka a kan siminti ya rabu uku.

Daga ranar ta ce bakinta ya mutu. A zuba mata a tangaran, ta ce auduga take taunawa. A zuba a kwanon silba, ta ce ƙarfe take lasa. Yayata, wadda nake bi, sana'arta ke nan sayar da kuloli da kwanukan roba, ta kwaso mata kala-kala har da masu fure. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "A ba kaji ruwa a ciki."

Mun nemi akushi. Na samo wani wurin masu kayan ado, mai sheƙi kamar takalmin ɗan sanda. Inna ta kai hanci sau ɗaya ta ce ai kuwa man takalmin ne aka shafa masa, kuma gaskiyarta. Na je har Akinyele wurin fataken shanu, wani ya yi alkawarin zai taho da shi in ya dawo, sai dai bai san yaushe zai dawo ba, kuma ya ce ko a can masu sassaƙa shi sun yi ƙaranci. Inna kuwa tana ta zubewa. Zoben azurfarta ya fara yawo a yatsa, har ta mayar da shi babban yatsa. Sallar da take yi a tsaye ta koma zaune.

Da muka kai ta asibiti, likitan ya duba idonta da harshenta, ya juyo gare mu ya koma Yarbanci don kada ta ji. Ya ce mu dawo ranar Alhamis. In har zuwa lokacin ba ta soma ci ba, zai ba ta gado, a zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Bai san matar da ke gabansa ta tsufa tana sayar da fura a garin nan ba, Yarbancinta har da karin magana. Sai da muka shiga mota muka hau titi Inna ta juyo gare ni.

"Auta," ta ce. Haka take kirana, da furfurata da tumbina. "Na ga abin da robar nan ta yi wa mahaifinku. Yana kallona, yana son magana, ba hali. In kuka bari aka sa min ita, ban yafe ba."

Motar ta yi tsit, har direba ya kashe rediyo. Yaya ce ta yi jinyar mahaifinmu har ƙarshe, ta fi kowa sanin abin da Inna take nufi, amma ita ce ta amsa.

"Inna, in muka zuba ido yunwa ta kashe ki, Allah ma ba zai yafe mana ba. Alhamis da kaina zan kawo ki."

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama cikin shiru irin wannan. Duk inda magana ta mutu sai na jefa wata, ko mai kai ko marar kai. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Wai duk a kan akushi? Ga masassaƙi zaune a gaban mota? Inna, kafin Alhamis za ki ci tuwo a akushin da ko matar gwamna ba ta da irinsa."

"Kai dalla rufa wa mutane baki," in ji Yaya. "Ana maganar rai kana maganar wasan yara. Kujerarka ba ita ta kusa karya min ƙugu ba?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dai juyo ta dube ni ta ce, "To, Auta. Ina jira." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari na bar shago a rufe na nufi somil, wurin yankan katako da ke hanyar Ojoo. Akushi ba a yin sa da falle, sai gungume mai kauri, kuma busasshen oganwo mai wannan kaurin babu. Akwai dai wani da aka sauke daga daji kwanan nan, ɗanye shataf, in ka danna farce sai ya yi gumi. Na ce a yanko min gunduwa biyu.

"Oga, ganga za ka yi?" in ji mai somil.

"Abin da ya fi ganga."

Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba. Na so biyawa ta wurin dattijon Mokola, sai na tuna yadda yake tsayar da mutum a kan wasa bakin gizago rabin yini, ni kuwa ba ni da rabin yinin bayarwa.

Na kafa sansani a tsakar gida ƙarƙashin kwano, ruwa yana zuba, ina sara. Wanda bai taɓa ƙwaƙule icce ba yana zaton ƙarfi ake sawa. Ƙarfin ne ma yake kashe aikin. Gizago so yake a sake masa wuyan hannu ya faɗi da nauyinsa, ya ɗauko ɓawo siriri, a juya gungumen, a sake. Na san wannan da ka, amma hannuna sauri yake yi, domin ƙofar ɗakin Inna tana daidai kunnena, kuma ina jin duk abin da ake yi a ciki. Maman yara ta shiga da kunu, ta yi lallashi, ta fito da kofin yadda ta shiga da shi. Sai ta karkata min kofin in gani, ta wuce.

Gunduwar farko ta yi kyau har na fara yabon kaina a fili. Na ce wa maƙwabcin da ya leƙo, da a arewa aka haife ni da yanzu ni ne Sarkin Sassaƙa. Ban rufe baki ba gizago ya shige ta gindin akushin ya gaisa da siminti. Na ɗaga shi sama, na hango hadari ta cikin ramin.

Yaya tana zaune a bakin ƙofar Inna tana ninke zannuwan da za a tafi da su asibiti. Ta dubi ramin, ta dube ni.

"Madalla. Ka yi mana mazurari. Sai mu kai wa likita ya haɗa da robar."

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Na ga ta ciji leɓe, ta sunkuyar da kai kan zannuwan. Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya kamar zare.

"Wa ya daina daka?"

"Ni ne, Inna. Hutawa nake."

"A ci gaba. Ina jin sa."

Na jawo gunduwa ta biyu, wadda babu ta uku bayanta. Wannan karon na riƙa tsayawa ina matsa gindin tsakanin yatsuna ina jin kaurinsa, kamar mai duba ƙirjin kaza a kasuwa. Jan ɓawo ya cika tsakar gida. Na yanke babban yatsa, na ɗaure da ƙyallen shadda, na ci gaba. Duk sanda na share gumi hannuna ya taɓa leɓena, sai in ji wani ɗaci ya ratsa ni, in ce a raina tsoro ne, ko kuwa ƙwayar hawan jinin ce take dawowa. Akuyar maƙwabta, wadda ta taɓa cinye min hula sukutum, ta shigo ta sansana ɓawon nan, ta yi atishawa, ta fita ba sallama. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Ranar Laraba Inna ta yi azahar a kwance, da ishara. Ni kuma na gama goge akushin da samfefa, na ɗauke shi na kai wa mai tsiren bakin layinmu kafin ya fara ɗora nama, don a baƙanta shi a wuta yadda na ga na Inna. Muka riƙa juya bayansa a kan garwashi har ya yi baƙi, na murje shi da man shanu. Da aka zo kan cikin sai na tsorata. Gindin ya yi siriri, in wuta ta ci shi na shiga uku. Na ce a bar cikin haka, ja, ai ja ma ado ne.

Da safiyar Alhamis Yaya ta iso da jaka a hannu, ta kira mota ta ce ta tsaya a ƙofar gida. Maman yara ta yi ɗumamen tuwon dawa, ta sassauta shi sosai, ta kwarara miyar kuka mai tafasa a cikin akushin, ta rufe da faifai. Sai aka ɗau lokaci ana goge wa Inna jiki, ana canja mata zani, ana tayar da ita a jingina ta da filo. Tuwo yana zaune a cikin ɗanyen icce yana turiri, ni ina zaune a gefensa ina turirin nawa.

Na shiga da shi da hannu biyu, na durƙusa na ajiye a cinyarta. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da jakar, Maman yara a bayanta. Inna ba ta buɗe faifan ba tukuna. Ta bi bakin akushin da yatsa, ta zagaya, ta shafa bayansa.

"Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo," ta ce.

"Don miya ta taru wuri guda ne, Inna. Sabon yayi ne."

"Maƙaryaci."

Rabon da ta zage ni har na manta. Ta ɗaga faifan, ta yi bisimilla, ta gutsuri loma ƙarama kamar ta yaye, ta dangwali miya ta kai baki. A waje direba ya danna oda.

Fuskarta ta tattare wuri guda. Idanunta suka rufe, ruwa ya fito ta gefensu, wuyanta ya miƙe. Na ce shi ke nan, ta shaƙe, na kashe uwata da hannuna. Yaya ta yar da jakar. Sai muka ga maƙogwaron ya motsa, lomar ta wuce.

"Auta. Da wane icce ka yi wannan?"

"Oganwo, Inna. Icce mai daraja, da shi ake yin ƙofar manyan..."

"Ba da Yarbanci na tambaye ka ba."

"Ai shi ke nan sunansa."

"Buɗe bakinka."

Ta dangwalo miyar daga can gindi ta shafa min a harshe. Jama'a, na sha maganin zazzaɓi iri-iri a duniya, na ci miyar shuwaka wadda ba a wanke ba, na taɓa fasa matsarmamar rago a cikin nama ranar Sallah. Duk waɗannan alewa ne. Ɗacin nan ya bi ta harshena ya fita ta kunne, ya dawo ya sauka har yatsun ƙafa. Na nemi yawu a bakina na rasa.

Yaya ta matso ta lasa, ta tofar a zaninta.

"Innalillahi! Guba! Auta, guba ka ba ta? Matar da cikinta ba komai?" Ta kai hannu za ta fizge akushin.

Inna ta rungume shi da hannuwan nan nata da suka koma kamar sillen kara. Ban san inda ta samo ƙarfin ba.

"Sake min kayana. Ba guba ba ce. Maɗaci ne."

"Ai mun ji, Inna, da ɗaci," na ce.

"Iccen, sakarai. Sunan iccen ke nan. Maɗaci."

Ni duk rayuwata in aka ce abu ya yi ɗaci kamar maɗaci, na ɗauka salon magana ne, kamar a ce fari fat. Ban taɓa sanin wata bishiya ce mai ganye da inuwa ba, balle in san ita nake saye a somil da sunan Yarbanci ina yi mata kirari.

"Akwai shi a ƙofar gidanmu," in ji Inna, tana kallon jan cikin akushin. "Da ruwa ya sauka sai tsohuwarmu ta sassaƙo ɓawonsa ta jiƙa, ta jera mu, kowa ludayi guda. Mai kuka a ƙara masa." Ta motsa harshe a baki kamar mai neman wani abu. "Tun da zazzaɓin nan ya sake ni, sai yau harshen nan ya gaya min yana nan."

Ta sake gutsurar tuwon. Yaya ta ce, "Inna, don Allah," amma ba ta hana ta ba. Loma ta biyu ta wuce, fuska a murtuke. Ta uku ta wuce, da tsinuwa ga duk wanda ya sayar min da gizago. Direba ya sake danna oda, babu wanda ya motsa. A ta huɗu ta ture akushin gefe, ta ce ɗacin ya isa haka, ba za ta mutu da shi a baki ba, a kawo mata abin da zai kashe shi.

Maman yara ta fita da gudu har tana tuntuɓe da kujerata, ta dawo da kunun tsamiya da zuma a cikin ɗaya daga kofunan robar Yaya, mai fure. Inna ba ta ko dubi kofin ba. Ta kafa kai, muna jin saukar kowane kurɓi, har ta sha fiye da rabi. Ta sauke, ta yi gyatsa, ta ce tsamiyar ta yi yawa.

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago sai ta ce, "Asibitin dai sai mun je." Inna ta ce a je, amma a bar jakar nan a gida.

Likita ya saurari labarin, ya sa na maimaita sunan iccen, ya dafe goshi. Ya ce kada a kuskura a sake zuba mata abinci mai zafi a ciki sai an gyara shi, tsohuwa ce, cikinta ba zai ɗauki wannan kullum ba. Ya yi mata ƙarin ruwa a hannu, ya sa aka sayo ayaba ta ci rabi a gabansa tana harararsa, sannan ya ce mu tafi gida mu dawo wani makon. Maganar roba ba ta sake tasowa ba.

Gyaran akushin Inna ce ta karɓe shi. Aka riƙa fito da ita bakin ƙofa da hantsi, ta zauna da kofin kununta tana ba da umarni. A jiƙa shi a ruwan toka, a zubar, a sake. A shanya a inuwa, ba a rana ba, kai wane irin mutum ne. A ƙona cikin da ƙarfe mai zafi, a shafe da man shanu, a bar shi ya sha. Da ya bushe ya ɗan tsage ta baki, ta sa na ɗinke da waya a daidai inda na tsohon yake. Ɗacin bai taɓa fita duka ba, in miya ta kwana a ciki sai ka ji shi can ƙasa-ƙasa. Da bafataken Akinyele ya dawo da akushi na gaske, mai kyau, daidai ta kowane gefe, Inna ta yi godiya ta sa albarka, ta ce a riƙa zuba wa baƙi a ciki.

Dattijon Mokola da na ba shi labari sai da ya ajiye gizagonsa don dariya. Ya ce shi ganga ya koya min, wa ya taɓa cin tuwo a cikin ganga?

Inna ta ƙara damina biyu tana ci a akushin nan mai karkataccen baki. Duk wanda ya zo gaishe ta ya ce jiki ya yi kyau, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Auta ne ya so kashe ni, Allah bai ba shi sa'a ba."